Me Na'urar Gwada Ruwa Ke Gani? Fashin Baƙi Kan Sandunan Awo Masu Zaɓen Sinadari

Duk mai bibiyar Facebook ko TikTok a 'yan shekarun nan zai yi wuya bai ci karo da bidiyon wani da ya tsoma wata 'yar na'ura mai kama da alƙalami a cikin kofin fiya wata ko ruwan burtsatse ba. Lamba takan bayyana a fuskar na'urar, nan take kuma mai bidiyon ya yanke hukunci cewa wannan ruwa mai kyau ne, wancan kuwa guba ne. Masu tallar na'urorin tace ruwa ma da ita suke shiga gidaje. Tambayar da ta kamata a yi ita ce, shin akwai na'urar da za a tsoma a ruwa ta faɗi ko yana ɗauke da abin da zai cutar da mai sha? Akwai, amma ba wannan alƙalamin ba ne, kuma ko ta gaskiyar ma sinadari guda ɗaya take ji a lokaci guda, tana kuma da hanyoyin da ake ruɗa ta. Wannan bayani ya shafi waccan ta gaskiyar, wato sandar awo mai tantanin zaɓe, musamman irin da ake neman sinadarai masu cajin negatif da ita.

Abin da alƙalamin nan yake aunawa

Idan aka jefa gishiri a ruwa ya narke, ba ɓacewa yake yi ba, rabewa yake yi gida biyu: sodiyam mai ɗauke da cajin lantarki na fositif, da kuloraid mai ɗauke da na negatif. Irin waɗannan ƙwayoyi masu caji su ake kira ayon. Mai fositif sunansa katayon, mai negatif kuma anayon, sunayen da masanin Ingila Michael Faraday ya shigar da su ilimin kimiyya a 1834. Daga cikin anayon da ake samu a ruwan sha akwai kuloraid, da baikabonet, da salfet, da naitiret, da fuloraid.

Alƙalamin da ake kira TDS yana auna yadda ruwa ke barin lantarki ya ratsa shi ne kawai, sannan ya yi lissafi ya ƙiyasta jimillar duk abin da ya narke a ciki. Bai san bambancin kuloraid da fuloraid ba, kamar yadda sikeli bai san ko gero aka ɗora masa ko tsakuwa ba. Ruwan da ya nuna 200, wato jimillar miligiram 200 a lita, yana iya ƙunsar miligiram 5 na fuloraid a kowace lita, adadin da ya isa ya lanƙwasa ƙashin yaro idan aka daɗe ana sha, alhali miligiram 5 a cikin 200 ba zai ja hankalin kowa ba. Wani ruwan kuma zai nuna 400 saboda kalsiyam da baikabonet waɗanda ba su da wata illa. Ƙwayoyin cuta kamar na kwalara da taifot kuwa ba ya ganinsu ko kaɗan.

Yadda sandar zaɓe take aiki

Sandar awo mai zaɓe bututu ce da ba ta wuce tsawon biro da yawa ba. A cikinta akwai ruwan sinadari da aka san ƙarfinsa da kuma wata waya ta azurfa, a bakinta na ƙasa kuma an liƙa wani tantani wanda shi ne dukkan sirrin aikin. Mutane sukan ɗauka tantanin nan rariya ne da ke barin ƙanana su wuce ya tare manya, amma ba haka ba ne. An yi shi da wani abu da ke mu'amala da ayon iri ɗaya tak. Idan aka tsoma shi a ruwa, wannan ayon yakan ɗan shiga ko ya ɗan fita daga fuskar tantanin gwargwadon yawansa a waje idan aka kwatanta da na ciki, kuma da yake kowane ɗaya yana tafe da cajinsa, sai a samu ɗan bambancin ƙarfin lantarki tsakanin ɓangarorin biyu. Ana tsoma sanda ta biyu a gefe, wadda ƙarfinta ba ya canzawa, domin ta zama abin kwatance, sai mita ta karanta bambancin da ke tsakaninsu da ma'aunin milibolt, wato kashi ɗaya cikin dubu na bolt.

Dangantakar da ke tsakanin wannan lantarki da yawan sinadarin ta samo asali ne daga lissafin da Bajamushe Walther Nernst ya fitar a 1889. Abin da ya ce a taƙaice shi ne, a zafin digiri 25, duk lokacin da yawan ayon mai caji ɗaya ya ninka sau goma, lantarkin yana motsawa da milibolt 59 da ɗan ɗoriya. Idan ayon mai caji biyu ne, kamar salfaid, motsin rabin haka ne. Ga anayon kuwa, lambar sauka take yi idan sinadarin ya ƙaru.

Wannan tsari na ninki goma-goma yana da alheri, yana kuma da tarko. Alherinsa shi ne sanda ɗaya tana iya auna ruwan da ke da ɗan ɗigon fuloraid, ta kuma auna wanda ya ninka shi sau dubbai. Tarkon kuwa shi ne kuskuren milibolt ɗaya kacal yana zama kuskuren kusan kashi 4 cikin ɗari a sakamako, ga mai caji biyu kuma kusan kashi 8. Tsakanin ruwan da ke da miligiram 1.4 na fuloraid da wanda ke da 1.6, wato tsakanin wanda bai haura iyakar 1.5 da aka sa wa ruwan sha ba da wanda ya haura ta, bambancin bai kai milibolt 4 ba. Shi ya sa ba a fara aiki sai an saita sandar da ruwaye biyu ko uku da aka san adadin sinadarin da ke cikinsu, kamar yadda mai sikelin kirki ke gwada shi da dutsen awo kafin ya buɗe rumfa. Zafi ma yana da ta cewa, domin a digiri 40 wancan milibolt 59 yana komawa kusan 62. Ma'aikacin da ya saita sandarsa da ruwan da ya kwana a ɗaki mai sanyi, sannan ya tsoma ta a ruwan da aka ɗebo daga tankin saman rufi a watan Afrilu a Sakkwato ko Maraɗi, ya riga ya shigar da kuskure tun kafin ya rubuta komai.

Dutsen da ya sauƙaƙa auna fuloraid

Kakar duk waɗannan sanduna ita ce ta gilashi da ake auna tsamin ruwa da ita, wato pH, wadda aka gano asalinta a farkon ƙarni na ashirin. An daɗe ana neman makamanciyarta ga anayon. A Hungari, Ernő Pungor ya gwada cusa gishirin azurfa a cikin roba a farkon shekarun 1960, amma babban ci gaban ya zo ne a 1966, lokacin da Martin Frant da James Ross na kamfanin Orion Research da ke Amurka suka sanar da sandar fuloraid.

Tantaninta ba roba ba ne, ba kuma gilashi ba. Ɗan yanki ne na wani dutse mai ƙyalli da ake haɗawa daga sinadarin lantanom da fuloraid, aka kuma barbaɗa masa ɗan yurofiyom. Amfanin yurofiyom ɗin shi ne yana barin guraben da babu kowa a cikin jerin ƙwayoyin dutsen, kuma girman gurbin da cajinsa sun yi daidai da fuloraid ne kawai. Fuloraid na kusa yakan matsa ya cike gurbin, ya bar nasa a buɗe, na bayansa ya matso, da haka caji ke tafiya a cikin dutsen. Kuloraid ya yi wa gurbin girma, haka naitiret da salfet, don haka ko sun ninka fuloraid sau dubu a cikin ruwan, da kyar sandar take jin su. Tana iya gano fuloraid har ƙasa zuwa wajen miligiram 0.02 a lita. A ganina, cikin duk sandunan anayon babu wadda ta cika alƙawarin sunanta kamar wannan.

Duk da haka tana da abokan gaba uku. Na farko shi ne haidiroksaid, anayon da ke yawaita a ruwa mai kanwa-kanwa, wanda girmansa da cajinsa suka yi kusa da na fuloraid har dutsen yakan ɗauke shi a matsayinsa, sai sakamako ya haura gaskiya. Na biyu shi ne tsami mai yawa, domin idan pH ya sauka ƙasa da 5, fuloraid yakan haɗe da haidirojin ya rasa cajinsa, sandar ta daina ganinsa. Na uku, wanda ya fi shafar mu, shi ne alminiyam da ƙarfe, waɗanda ke riƙe fuloraid su ɓoye shi. Alam yana ƙunshe da alminiyam, don haka duk ruwan da aka sa masa shi don ya kwanta, a gida ne ko a matatar ruwa, yana iya ɗauke da ragowar alminiyam, kuma idan aka tsoma sandar kai tsaye za ta nuna adadin da bai kai na gaskiya ba, wanda shi ne kuskure mafi haɗari tunda kwantar da hankali yake yi.

Frant da Ross ɗin ne dai suka kawo maganin wannan a 1968, wani haɗin ruwa da ake kira TISAB, wanda ake zubawa a kan samfurin kafin awo. Yana tsayar da tsamin tsakanin 5 da 5.5, yana ƙwace alminiyam da ƙarfe su saki fuloraid, yana kuma daidaita yawan gishirin samfurin da na ruwan saiti. Awon fuloraid da aka yi ba tare da shi ba, lamba ce kawai a takarda.

Dalilin da ya sa naitiret ya fi wuya

Ba kowane anayon ne ya dace da samun dutse irin na fuloraid ba. Kuloraid da buromaid da ayodaid da salfaid da sayanaid ana auna su da tantanin da aka matse daga gishirin azurfa, kuma suna aiki gwargwado, sai dai 'yan gida ɗaya ne masu shiga hurumin juna: ɗan buromaid ko ayodaid kaɗan ya isa ya ruɗa sandar kuloraid, salfaid kuma yana iya ɓata fuskarta gaba ɗaya. Hatta sandar kwatancen ma tana iya jawo matsala, domin ruwan da ke cikinta yawanci gishirin fotasiyam kuloraid ne da ke ɗiga sannu a hankali cikin samfurin, shi ya sa mai auna kuloraid ke amfani da irin mai ɗaki biyu, wadda ɗakinta na waje ke ɗauke da wani gishirin da ba kuloraid ba.

Naitiret kuwa ba shi da wani gishiri marar narkewa da za a yi masa tantani da shi. Abin da ake yi shi ne a ɗauki robar PVC, irin dai ta bututun famfo amma an tausasa ta da wani mai, a narkar da wani sinadari mai cajin fositif a ciki wanda ke jawo anayon daga ruwa zuwa cikin man. Wannan dabara ta amfani da PVC ta fito ne daga masu bincike a birnin Kadif na Birtaniya a 1970. Matsalar ita ce cajin fositif ba ya tambayar suna, duk mai negatif yake ja, kuma wanda ya fi saurin amsawa shi ne wanda ruwa bai riƙe shi da ƙarfi ba.

Kowane ayon a cikin ruwa yana lulluɓe da ƙwayoyin ruwa, kuma kafin ya shiga mai dole ya tuɓe wannan lulluɓi. Manyan anayon masu sakin jiki irin su fakuloret da tayosayanet da ayodaid suna tuɓewa cikin sauƙi, naitiret yana biye da su, sai buromaid, sai kuloraid, sai baikabonet, can ƙarshe kuma fuloraid da salfet da fosfet waɗanda ruwa ya ƙanƙame. Wannan jeri ana danganta shi da Franz Hofmeister, wanda ya lura da shi a birnin Firag a 1888 yana nazarin yadda gishiri iri-iri ke sa farin ƙwai ya dunƙule, ba tare da ya san zai zama ƙaya a wuyan masu ƙera sandunan awo ba. Ashe sandar naitiret ba zaɓensa take yi don ta gane shi ba, sa'a ce kawai ya ci da ya kasance sama da kuloraid a jerin, kuma waɗanda ke samansa ba su cika yawa a ruwan sha ba.

Sa'ar tana ƙarewa ne a inda aka fi buƙatar awon. Rijiyar da aka haƙa kusa da masai a unguwa mai cunkoso, ko a gefen turken dabbobi, tana samun naitiret da kuloraid tare, tunda daga wuri ɗaya suke tsatstsafowa. Idan kuloraid ya ninka naitiret da yawa, sandar za ta ƙirga wani ɓangarensa a matsayin naitiret. Ma'aikacin da ya san aikinsa yakan zuba gishirin azurfa salfet ya kwantar da kuloraid, ya ƙara tsami ya kori baikabonet, sannan ya auna. Ga shi kuma man da ke cikin robar yana zubewa a hankali, don haka bakin sandar naitiret watanni yake yi a canza shi, ba kamar dutsen fuloraid da ke iya yin shekaru ba.

Katayon sun fi sa'a a wannan fage. Tun ƙarshen shekarun 1960 ɗakin binciken Wilhelm Simon a Zurik ya nuna cewa wani sinadari mai suna balinomaisin yana rungumar fotasiyam ya ƙyale sodiyam da fifiko na sau dubbai. Samar wa anayon irin wannan mai runguma ya fi wuya, saboda sun fi girma, siffofinsu kuma sun bambanta: kuloraid dunƙulalle ne, naitiret shimfiɗaɗɗe mai kusurwa uku, salfet da fosfet masu ƙafa huɗu. Fosfet ma har kama yake sauyawa da cajinsa idan tsamin ruwa ya motsa a kusa da 7. Wannan ne ya sa har yau manomi ba shi da wata sandar fosfet amintacciya da zai soka a jiƙaƙƙiyar ƙasar gonarsa, duk da ɗimbin binciken da ake yi a kai.

A asibiti ma su ne

Wanda likita ya taɓa turawa gwajin ƙoda da gishirin jini ya riga ya amfana da waɗannan sanduna bai sani ba, domin a cikin injin akwai ƙananansu jere, ɗaya ta sodiyam, ɗaya ta fotasiyam, ɗaya ta kuloraid. Kuloraid na jinin mai lafiya yana tsakanin 98 da 107 a ma'aunin milimol a lita. Jerin Hofmeister yana bin su har can: majinyacin da ya sha magani mai buromaid, ko ya sha asfirin fiye da kima, wasu injunan sukan nuna kuloraid ɗinsa ya yi tashin da ba gaskiya ba, kuma gogaggen likita yakan gane gubar daga wannan lambar da ta ƙi dacewa da sauran.

Darasin Tibiri

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar fuloraid a ruwan sha a miligiram 1.5 a lita, naitiret kuma 50, kuma ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya da hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON ta fitar a 2007 ta ɗauki waɗannan lambobi. Ɗan fuloraid kaɗan yana kare haƙori daga ruɓewa, shi ya sa ake sa shi a man goge baki. Idan ya wuce iyaka sai ya fara yi wa haƙoran yara dabbare-dabbare fari ko ruwan ƙasa, idan ya ƙara yawa aka kuma daɗe ana sha sai ya shiga ƙashi. A ƙasa mai zafi inda ake shan ruwa da yawa, ga kuma ƙarancin abinci mai kalsiyam, illar takan zo da wuri.

Garin Tibirin Gobir da ke kusa da Maraɗi ya ga ƙarshen wannan. A tsakiyar shekarun 1980 aka fara ba garin ruwa daga wata rijiyar burtsatse mai zurfi, ruwa garai-garai, babu wari babu ɗanɗano. Shekaru suka shuɗe kafin a alaƙanta shi da abin da ake gani a jikin yara, haƙora sun rine, ƙafafu sun lanƙwashe, wasu kawunansu sun yi girma. Da aka auna, fuloraid ɗin ya ninka iyakar fiye da sau uku, ɗaruruwan yara kuma sun riga sun nakasa. Abin da ya fi ci mini rai a labarin shi ne sandar Frant da Ross ta kusa shekara ashirin a duniya lokacin da aka buɗe wannan famfo, kuma awon ba ya ɗaukar fiye da 'yan mintoci.

Fuloraid irin wannan ba wani ne ya zuba shi ba, daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa yake narkowa, musamman inda ruwan ya daɗe a zurfi kuma ba shi da kalsiyam sosai. An san matsalar a yankin Langtang na jihar Filato, da Kaltungo a jihar Gombe, da gundumar Bongo a arewacin Gana. Wannan ya rushe tunanin da ya zauna a zukatan mutane cewa zurfin burtsatse shi ne tsabtarsa. Zurfi yana kare ruwa daga masai da naitiret da ƙwayoyin cuta, amma wani lokaci shi ke kai shi ga fuloraid. Rijiyoyi biyu a gari ɗaya ma suna iya bambanta ƙwarai.

Masu yabo da masu suka

Masu goyon bayan sandunan suna cewa suna da araha idan aka kwatanta da manyan injuna, ana iya tafiya da su ƙauye da mita mai batir, launin ruwa ko lakarsa ba sa hana su aiki, sakamako kuma nan take. Masu suka suna nuna injin kuromatogirafi na ayon, wanda Hamish Small da abokan aikinsa suka ɓullo da shi a 1975, mai raba fuloraid da kuloraid da naitiret da salfet da fosfet ɗaya bayan ɗaya daga samfuri guda, ba tare da wani ya shiga rigar wani ba. Gaskiya ne ya fi daidaito, amma yana son wutar da ba ta yankewa, da ruwa mai matuƙar tsabta, da injiniyan da zai gyara shi, abubuwan da ba kowace jami'a ce ma ke da su ba. Akwai kuma hanyar launi, inda ake ɗiga sinadari a duba yadda ruwan ya sauya, wadda ta fi kowacce sauƙi amma ruwa mai laka ko mai alam yana ruɗa ta. Ni dai a fuloraid sandar nake fifitawa ba tare da jinkiri ba, a naitiret kuwa ina ɗaukar ta a matsayin mai nuni, idan lambar ta kusanci iyaka a sake gwadawa ta wata hanya.

Abin da ya shafi mai gida

Wanda ya haƙa burtsatse, ko kwamitin masallaci ko na makaranta da aka yi wa kyautarta, zai iya kai samfurin ruwan ɗakin gwaji na hukumar ruwa ko na jami'a, a cikin robar da aka wanke aka ɗauraye da ruwan kansa, ya kuma ambaci fuloraid da naitiret da sunansu, domin ba kowane gwaji ne ke haɗawa da su ba. Ya halatta ya tambayi hanyar da aka bi da kuma ranar da aka saita na'urar. A takardar sakamako kuma a duba yadda aka rubuta naitiret, saboda wasu suna rubuta nauyin naitirojin ɗin da ke cikinsa ne kawai, sai an ninka lambar da kusan 4.4 kafin a kwatanta ta da 50. Takardar da ta nuna 15 ta wannan hanya tana nufin kusan 66, wato ta haura iyaka, kuma irin wannan ruwa bai dace a dama wa jariri ɗan ƙasa da wata shida madara da shi ba, domin naitiret yana iya hana jininsa ɗaukar iskar numfashi.

Tafasa ruwa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta taɓa fuloraid ko naitiret, ƙara musu kauri ma take yi yayin da tururi ke tafiya. Rinin haƙoran yara kuma, wanda wasu ke ɗauka gado ne ko rashin asuwaki, shaida ce ta ruwan da suka sha tun haƙoran na tsirowa a cikin dasashi, kafin su kai shekara takwas, don haka labarin shekarun baya yake bayarwa. Inda aka tabbatar da yawan fuloraid, ana rage shi da gawayin ƙashi, ko da haɗin alam da farar ƙasa irin wanda aka fara a Indiya, ko a gauraya ruwan da na sama da aka tara. Sai dai gawayin ƙashi yana ƙoshi bayan wani lokaci ya daina kamawa, ruwan kuma ya ci gaba da fitowa garau kamar jiya, saboda haka duk garin da aka kafa wa irin wannan matata yana buƙatar wanda zai riƙa zuwa da sandar da kwalbar TISAB yana auna abin da ke fitowa daga bakin famfon lokaci zuwa lokaci.